Wuyan da Kaka Bai Yanke Ba

Kakana ya rasu a Gusau cikin daminar nan, bayan jinyar da ta ci shi a hankali har ya koma ɗan mitsitsi a kan tabarma. Allah ya jiƙansa, ya sa inda ya je ya fi inda ya bari. Na fara da addu'a ne don kada wani ya karanta sauran ya ce jikarsa ba ta da tarbiyya.

Masu gaisuwa sun cika gida, maza a waje ƙarƙashin rumfa, mata a tsakar gida, takalma har zaure. Duk wadda ta shigo sai ta ce mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya riƙo. Ina raba ruwa ina jin su, raina yana ɓaci. Kaka yana faɗa. Kaka yana riƙo. Ya taɓa daina gaisawa da wani marubuci har aka yi sallah biyu, saboda mutumin ya zagaya ya sa an ƙara masa jirgin sama a bangon littafinsa. Wannan salihin da suke yabo ni ban san shi ba. Wata ma ta tare ni tana tambaya wai sana'ar me yake yi. Na ce bangon littafi yake yi. Ta ce, "Au, bango ma yin shi ake?"

Mutum biyu ne kawai suka faɗi abin da ya yi kama da shi. Na farko shi ne mai injin da ke buga masa aiki, wani Kirista ɗan kudu da ya tsufa a garin nan. Ya aiko a kira ni zaure, na same shi tsaye da hula a hannu.

"Yarinya, baban nan ya wahalar da ni," ya ce. "Ya ce launin ja ya yi yawa. Na rage. Ja ya yi kaɗan. Na ƙara. Yanzu wa zai zo ya tsaya a kaina?"

Ya goge ido da hular ya fita.

Ta biyu wata mata ce daga Bungudu, ta biyo maƙwabciyarmu ne ba tare da ta san gidan wa za ta ba. Ta dube ni ta sake dubana, sai ta dafa ƙirji. "Ke ce kika shigo gidana. Ashe tsohon nan mai biro ne ya rasu." Na ce shi ne. Sai ta ce, "To Allah ya sa ya gama."

Bai gama ba. Inna, kakata, tana zaune a ƙuryar ɗaki, ta ji. Da na zo wucewa ta kama bakin zanena.

"Littahin na ina?"

"Yana akwatina."

"To," ta ce, ta sake ni.

Bari in faɗi abin kai tsaye, ba na son kewaye-kewaye. Ina da littafi guda mai bangon kwali. Fuskar da ke jikin bangon ta mahaifiyata ce, Kaka ne ya zana ta, kuma ban da wannan ba ni da hotonta ko ɗaya a duniya. Kaka ya mutu yana roƙona in kawo a yanke wuyan hoton da reza. Ni kuma na ƙi.

Shagonsa ƙarami ne a bayan kasuwa, cikin layin masu injin buga takardu. Da rubutun allon shaguna ya fara, da zanen bayan motocin katako. Da littattafan soyayya suka yi kasuwa sai marubuta suka gano shi, mata yawancinsu, suna aiko ƙannensu da labari a leda su ce a yi bango. Daga baya malamai ma suka riƙa kawo nasu a yi musu bango mai tauri. A tarin littattafan nan babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Akwai sunan marubuci, akwai na maɗaba'a, akwai godiya ga ƙawaye shafi guda. Wanda ya yi abin da ya sa mutum ya tsaya ya sunkuya ya ɗauki littafin, babu shi. Shi ya sa nake wannan rubutu. In ni ma na yi shiru, shi ke nan.

Da na gama sakandare ya sa na koyi kwamfuta, don aikin ya koma can kuma idonsa ya fara rauni. Ni nake jerawa, shi yana tsaye a bayana yana numfashi a ƙeyata. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa Tsoho.

"Amarya, wanga rubutu iri nawa na?"

"Huɗu. Ya yi kyau ai."

"Kasuwak kaji ta yi kyau? Rage biyu."

In an fito da gwaji sai ya manna a ƙofar shago ya ce in tsallaka titi. Ina can cikin rana da 'yan acaɓa, yana ɗaga murya, "Mi kika gani?" In na kasa karanta sunan littafin daga can, aiki ya koma baya. Na sha cewa na karanta alhali haddacewa na yi. Sai ya ce, "To karanta min na marubuciya." Nan ya kama ni.

Yana kuma shanya bango a kan rufin kwano, ya rufe rabinsa da kwali, ya bar shi rana ta dake shi. Ya ce littafi a ƙasar nan a ƙasa ake shimfiɗa shi a bakin tasha, ba a kabad ba. Ja ne ke fara gudu. In ja ya gudu fuska sai ta koma shuɗi-shuɗi, kamar ta wanda aka tsamo daga rijiya. Na tsani ranar da ake sauko da su. Rabin fuska da jini a jika, rabi babu.

Mai tauri kuwa ba ya bari in taɓa. Ya ce kwali yana da hanya kamar nama, in ka yanka shi a karkace, damina na zuwa zai nannaɗe ya buɗe baki. Yakan lanƙwasa shi kaɗan kusa da kunne kamar mai sauraron wani abu, sannan ya aza rular ƙarfe ya ja reza. Sau ɗaya. Wanda ya ja sau biyu, in ji shi, tsoro ya ji a na farko.

Sauran masu bango suna yanko fuskokin 'yan fim daga mujallu su manna. Shi bai taɓa ba. Mutanen gari yake zanawa: mai ƙosai ta bakin layinmu lokacin tana budurwa, wata bafulatana mai tallar nono da ya gani a Wanke, wani ɗan kamasho. Kuma duk fuskar da ya zana, akwai abin da ya gitta mata a wuya. Sarƙa, ko gefen mayafi, ko reshen fure, ko layin da sunan littafi ke zaune a kai. Na daɗe ina kallo ban lura ba, sai ranar da na goge wata sarƙa a kwamfuta don na ga ta yi ƙauyanci. Ya buge min hannu. Bai taɓa dukana ba sai ranar.

"Maida ta."

"Don me?"

Ya zauna a kan benci. Ya ce wanda ya koya masa fenti ya gaya masa, duk wanda ya zana abu mai rai, ranar tsayuwa za a aje masa shi a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Amma in an gitta wuya, an raba kai da jiki, ba cikakkiyar halitta ba ce, ba za a tambaye shi ba. Na ce malamai sun yarda da wannan dabarar? Ya ce wasu sun ce e, wasu sun ce a'a, wasu sun ce ya bar sana'ar gaba ɗaya. "Ni kau da ita nika ci da ku. Sai nir riƙe wadda nika iyawa."

Wuya ɗaya ne bai gitta ba, kuma labarinsa daga bakin Inna na ji, shi bai taɓa ba ni ba.

Mahaifiyata ita ce 'yar farinsu. Kun san yadda ake yi. Ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita, ba a kallonta a gaban mutane. "Yarinyag ga" suke cewa. Wata rana aka kawo masa labari yana neman fuska, ya shigo gida da hantsi ya tarar da ita tana tsintar wake a tsakar gida, kallabi ya zame, ta ɗan juya kai. Sai ya zauna a bakin zaure da takarda a cinya kamar mai lissafi. Inna ta ce waken nan an gama tsince shi tuni, amma yarinyar ta ci gaba da juya shi a faifai, ba ta ɗago ba, ba ta gyara kallabin ba. Ta san abin da yake yi. Shi ma ya san ta sani. Haka suka zauna har aka kira azahar.

Da ya zo wuya ya sa sarƙa, ya goge. Ya sa mayafi, ya goge. Inna ta ce ta ji shi yana cewa hannunsa ya ƙi. Haka aka buga, wuya dogo, fili, babu komai.

Aka yi mata aure a Karakkai. Ta rasu ina goye. Hotunan bikinta suna cikin akwati a gidan mahaifina, gara ta shiga ta cinye su tas. Aka kawo ni wurin Inna.

Ina firamare na dawo gida ina kuka, wata ta ce min ko kamar uwata ban sani ba. Kaka bai lallashe ni ba, ba ya lallashi. Bayan 'yan kwanaki ya shigo da abu a ƙunshe cikin takarda. Ya samo bango guda mai tsabta cikin ragowar bugun nan, ya manna a kwali mai kauri, ya sa masa leda mai sheƙi, ya ɗinke littafin da zare, ya yi masa gindi da baƙin yadi. Ya aje min a cinya.

"Ga ta nan. Kak ki jiƙa shi."

Ya fita da sauri kamar an kira shi. Labarin cikin littafin shirme ne, na karanta sau ɗaya. Bangon kuwa na haddace shi. Na san ɗan tabon da ke ƙasan idonta na hagu. Na san yadda gashi ya leƙo ta gefen kallabi. In na yi faɗa da Inna, ita nake kai wa ƙara.

Tsoron ya taso masa ne da idonsa ya ƙara lalacewa. Ya daina fuska, sai fure da rubutu. Sannan ya fara sa biro da 'yar rula a aljihu yana ɓacewa. Ashe littafin nan yake nema, duk inda kwafi ya saura. Kawuna ya hana shi hawa hanyar Tsafe, ya ce mutane masu ƙarfi ma sai dole suke bin ta yanzu. Kaka ya ce to. Washegari ya tafi. Da aka ga ba zai hanu ba sai aka ce in riƙa raka shi, ni da ba ni da haƙuri.

A Tsafe akwai mai ba da hayar littattafai, ya juye mana buhu a ƙasa. Kaka ya durƙusa yana kai kowane bango kusa da hanci.

"Baba, wanga littahi ai ya girme ni," in ji mai hayar. "Bangon ma an naɗe ƙosai da shi."

"Wanda yay yage ya huta," Kaka ya ce. "Masu rai nika biɗa."

Ya sami biyu. Ja ya gudu daga jikinsu, mahaifiyata ta koma shuɗiya. Ya aza rula ya ja layi a wuya. Hannun da ke rawa in zai sha koko bai yi rawa ba. Ni na juya baya ina kallon masu kifi.

A Bungudu ya tsaya a ƙofar gida, ni na shiga na karɓo wurin matar nan. Ta biyo ni har zaure tana leƙe. Da ta ga abin da ya yi ta ce, "Haba Baba, ka ɓata mata wuya." Ya ce, "Gyara niy yi, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

A mota muna dawowa, an matse mu a baya da buhun barkono, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Saura naki."

"Nawa ba ya cikin lissafi."

"Shi aƙ ƙarshe. Kuma biro ba ya kama leda. Sai reza."

"Wa ya sa ledar?"

"Ni. So niy yi shi daɗe."

"To ya daɗe."

Haka muka iso Gusau. Amma bai bari ba. Yana cin tuwo sai ya ce, "Amarya, ba ki tausan angonki?" In ce angon da zai yanka min uwa ba na so. Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba. Na mayar da littafin ƙasan akwati na sa kwaɗo.

Da ya kwanta ciwo wasan ya ƙare. Wata rana da rana ina ba shi kunu ya riƙe min hannu.

"Za a aje min ita gabana," ya ce. "A ce hura mata rai. Ɗiyata. In tsaya ina kallonta, in kasa."

Ni kuma bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ce, "To in an ce ka hura, ka hura mana, Tsoho. Ka gwada. Ni me nake nema da ya wuce haka?"

Ya nemi tsari da Allah a hankali. Ya sake min hannu. Ya juya fuska bango. Daga ranar bai ƙara tambayata ba, kuma wannan ya fi tambayar muni. A kwanakinsa na ƙarshe, da magana ta ɗauke, yatsansa ne kawai ke motsi a kan bargo. Daga hagu zuwa dama, ya tsaya. Ya koma, daga hagu zuwa dama. Kawu ya ce tasbihi yake. Ni da Inna mun san layi yake ja.

Ba na cewa na yi laifi. Shi ya ba ni ita, shi ya ce kar in jiƙa ta, sannan ya dawo yana son in miƙa wuyanta. Har yau in na tuna raina yana tafasa. Amma jin haushin mamaci wahala ce, ba ya ramawa.

Bayan an watse daga zaman makoki aka ce in je in kwashe shago. Na buɗe, warin gam da tawada ya tare ni. Bangwayen da ya yi suna rataye a igiya tun daga ƙofa har ƙurya, yadda yake shanya su. Mai ƙosai da sarƙarta. Bafulatana da dutsen wuyanta. Ɗan kamasho da wuyan riga a tsaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka tsoron nan na tsufa ne, abin da ke kama mutum in ya ji ƙasa na kiransa. Ashe tun yana saurayi yake tare da shi. Kowace safiya ta Allah mutumin nan ya zauna ya yi fuska mai kyau iya ƙarfinsa, sannan ya nemi inda zai ɓoye yankan. Iska ta shigo ta ƙofa, suka hau motsi a igiyar gaba ɗaya. Na ɗauki rular ƙarfen da reza, na ja ƙofa na kulle. Ban kwashe komai ba.

A gida Inna tana takaba, ta rame, abinci sai an yi da gaske. Kawu ya ga rular a hannuna ya gane.

"Ke, abu mai sauƙi," ya ce. "Ɗauki hoton bangon a waya tukuna, sai ki yanke na takardar. Kowa ya samu."

Na ce, "Na wayar wa ya zana shi?"

"Wannan kuma ai hoto ne na hoto."

"Kawu, ni ba na yi wa mamaci wayo. Ko a yi ko a bari."

Ya ce taurin kaina na gado ne, ya shura takalmi ya fita.

Na kwana biyu ban yi ba. Inna kuwa, in na shigo ɗaki sai ta dubi hannuna. Ranar da na gaji na ce mata, "Inna, ki faɗa min in yi ko kar in yi."

"Ni ban ce miki komi," ta ce. "Miji nau na, ɗiya tau ta. Wa kika so in zaɓa?"

Da safe bayan an share tsakar gida na buɗe akwati na ɗauko. Na shimfiɗa tabarma a inda rana take, na aje shi a kan faifai. Inna ta fito da kanta ba tare da na kira ta ba. Ta zauna, ta ɗauki littafin da hannu biyu, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi. Ta daɗe. Kaji suka zo suka wuce. Na ƙosa, amma karo ɗaya a rayuwata na riƙe bakina.

"Ban taɓa kallonta hakan ga ba tana da rai," ta ce.

Ta aje shi. Na aza rular a ƙasan haɓa, inda sarƙa za ta zauna. Rular tana zamewa a kan ledar.

"Riƙe min nan, Inna."

Ta danne gefe ɗaya da yatsu biyu. Na yi bismillah na ja.

Leda ta yi 'yar ƙara. Farin kwali ya fito, siriri, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Inna ta ɗauke hannunta ta shafa a fuska, ta ce Allah ya kai haske kabarinsa, ya haɗa su a inda babu tambaya. Na ce amin. Da rana ta ci tuwo, har ta nemi ƙari.

Inna ta ce ya huta. Ina fata haka ne, da gaske nake. Allah ya gafarta wa mai bango, wanda ya sa mutane da yawa suka sunkuya a bakin tasha ba su san sunansa ba.

Littafin yana nan, na daina sa masa kwaɗo. Ina ɗauko shi kamar da. Tabon yana ƙasan ido, gashin yana gefen kallabi, ban taɓa su ba. Sai dai duk yadda na yi in fara daga fuska, idona layin yake fara zuwa, kuma a nan yake tsayawa.